Katako da Gam: Zaɓen Kayan Haɗa Ƙaramin Jirgin Ruwa a Ƙasar Adar

Laccar da aka gabatar a Tebaram, jihar Tawa

 



Na tabbata akwai wanda ya ji kan laccar yau ya ce a ransa, ina Tebaram ina jirgin ruwa? Yana da gaskiyarsa, domin ruwan saman da ƙasar nan ke samu bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, shi ma cikin wata uku ko huɗu yake zuba ya ɗauke. Amma jihar Tawa ba ta rasa tafkuna ba. Kudu da mu akwai tafkin Ɗan Dutsi, gabas kuma ga na Tabalak, kimanin kilomita 50 daga Tawa a kan hanyar Agadas. Duka biyun an shigar da su jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005. Ga kuma madatsun ruwan da aikin raya karkara na Keita ya gina tun daga 1984. A tafkunan nan ana su da kwale-kwale, kuma samarinmu masu tafiya cin rani sun san Gaya da Yawuri da tafkin Cadi. Wanda ya iya haɗa jirgi mai ƙarko yana da sana'ar da za ta ci da shi gida da waje.

Jirgin da nake nufi ƙarami ne, mai tsawon mita 3 zuwa 5, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda mutum zai haɗa a tsakar gidansa, ya tuƙa shi da gwangwala ko filafili, in iska ta yi daidai ya ɗaga masa zane ta tura shi. Maganar da na zo da ita guda ce: a ƙasar Adar rana ta fi ruwa kashe jirgi. Duk zaɓen da za a yi, na katako ne ko na gam, daga nan ya kamata ya taso.

Halin katako

Itace, ko an sare shi an tsaga, bai daina shan ruwa da fitar da shi ba. Ruwan da ke cikin ɗanyen itace iri biyu ne: wanda ke kwance a ramukan jijiyoyinsa, da wanda ya shiga naman jijiyoyin su kansu. Na farkon shi ke fara fita, kuma fitarsa ba ta canza girman katako. Sai danshi ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100, sannan na biyun ya fara fita, katako ya fara tsukewa. In ya sake samun ruwa ya kumbura. Babu wanda ke zaune a nan da bai ga ƙofar da ke rufuwa lafiya lau da hunturu ba, watan Agusta ya zo ta ƙi shiga gurbinta.

Wannan motsi bai zama ɗaya ta kowane ɓangare ba. Ta tsawo kusan babu shi. Ta faɗi ne yake, nan ma ya danganta da yadda aka tsaga gungumen. Ku dubi bakin falanki: in layukan itacen sun kwanta sun bi faɗinsa, zai yi motsi kusan ninki biyu na wanda layukansa suke tsaye, zai kuma riƙa lanƙwasa. Falanki mai faɗin santimita 30, in ya tashi daga bushewar hunturunmu ya shiga tafki ya jiƙe sharkaf, yana iya ƙaruwa da santimita 1 ko fiye. Ƙarfin kumburin nan ya isa ya tumɓuke ƙusa ko ya tsage gam.

Ruɓa kuwa aikin funfuna ne mai cin itace, kuma abu biyu take nema a tare: danshin da ya haura kashi 20 cikin 100, da iska. In ta rasa ɗaya ba ta aiki. Shi ya sa itacen da ya nutse ɗungurungum ba ya ruɓewa. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a jihar Yobe, ya ci karo da wani kwale-kwale a zurfin kimanin mita 5. Masanan Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994. Tsawonsa mita 8.4, an sassaƙa shi daga itace dangin madaci, kuma awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Jiƙaƙƙiyar ƙasar da iska ba ta shiga ita ta adana shi.

To, ku kwatanta da halin da jirgi ke ciki a wurinmu. Damina ta wuce, tafki ya fara ja da baya. Kafin Afrilu jirgin na zaune a kan tsagaggiyar laka, zafi ya haura digiri 40, katako ya tsuke, haɗi ya buɗe, gara ta shigo ta ƙasa. Ruwa ya dawo, jirgi ya sha ya kumbura, danshi ya maƙale a tsagar da rana ta yi, funfuna ta samu abin da take so. Kowace shekara zagaye guda, kuma kowane zagaye sai ya bar rauni. Masu haɗa jirgi a duniya hanya biyu suka gano ta zama da wannan hali. Ko dai a bar katako ya yi motsinsa a yi masa haɗin da zai jure, ko kuwa a hana shi shan ruwa gaba ɗaya.

Hanyar magabata

Hanya ta farko ita ce tsohuwa, kuma babu gam a cikinta. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Ƙamar, ya siffanta jirgin Annabi Nuhu, alaihissalam, da cewa na alluna ne da abin ɗaure su. Wasu malaman tafsiri sun ce ƙusoshi ne, wasu sun ce igiyoyi. Duka biyun an yi aiki da su a tarihi.

A 1954 aka gano jirgin Fir'auna Kufu cikin wani rami a gindin babbar dalar Giza, a warwatse gunduwa 1,224. Da aka haɗa shi tsawonsa ya kai mita 43, akasarinsa itacen al'ul ne na Labanan, shekarunsa kimanin 4,500. Da igiyar ciyawa aka ɗaure allunansa. Hikimar ita ce in jirgi ya shiga ruwa katako na kumbura, igiya na tsukewa, haɗi ya ƙara matsewa da kansa. Talakawan Masar kuwa ba su da al'ul. Hirodotus, marubucin Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana yadda suke haɗa jiragen dako da gajerun guntayen bagaruwa, suna toshe tsakaninsu da ciyawar rafi. Bagaruwar da muke jima da 'ya'yanta, ita ce ta daɗe tana ɗaukar kaya a kogin Nilu.

A kogin Isa ma haka. René Caillié, Bafaranshen da ya tashi daga Jenne ya isa Tumbuktu a 1828, cikin jirgin da aka ɗinke allunansa da igiya ya yi tafiyar. An toshe haɗin da dakakkiyar ciyawa da laka, ana kwarfe ruwa ba dare ba rana. Aikin kamar na gyartai ne: a huda gefe da gefe, a ɗinke, a toshe tsaga. Yau a Mopti kafintocin Bozo na haɗa manyan jirage da falankin madaci da ƙusoshin da maƙeran wurin ke ƙerawa, su cusa tsumma a tsakanin falanki, su bi da man kaɗe ko kwalta. Kwale-kwalen falanki da kuke gani a tafkunanmu ɗan wannan gida ne.

Amfanin hanyar a bayyane yake: kayanta na kasuwarmu, kuma kowane kafinta na iya gyara. Sharaɗinta shi ne jirgi ya zauna a jiƙe. A Mopti ko Gaya wannan ba wuya ba ne. A Adar shi ne babban aiki. Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya riƙa bin ruwa da jirginsa yayin da tafki ke ja. In dole ta sa an fito da shi, a ɗora shi kan duwatsu nesa da gara, a yi masa rumfa, a riƙa yayyafa masa ruwa, sannan a sake toshe haɗinsa kafin damina.

Wane itace, don wane wuri a jirgi

Jirgi ba itace guda yake so ba. Falankin jiki na son mai jure ruwa, haƙarƙari na son mai tauri, sandar zane na son miƙaƙƙe marar nauyi.

Madaci shi ne sarkin falanki a ƙasashen Sahel: yana da nauyi, yana riƙe ƙusa, yana daɗewa. Amma ya yi ƙaranci, kuma tun taron Panama na Nuwamba 2022 aka sa shi da kawo cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan fataucinsu tsakanin ƙasashe, kamar yadda aka yi wa madobiya tun 2017. A gida kuma dokar gandun daji ta 2004 na nan. Kada kowa ya ɗora gatari a kan itace sai ya nemi izinin ma'aikatan gandun daji. Wanda ya samu loko a kasuwar katako, irin da ke zuwa daga kudancin Najeriya, Gana da Kwaddibuwa, ya samu abin da ya fi komai dacewa. Mita ɗaya ta kowace fuska na busasshensa kan kai kilo 650, ba ya yawan motsi, gara da ruɓa na shakkarsa.

Farin katako kuwa, wanda ake kira samba ko obece, bai kai kilo 400 ba. Yana da sauƙin yanka, yana da sauƙin kuɗi, shi ya sa ya cika kasuwa. Amma cikin ruwa da rana ba ya shekaru, ƙwari na son sa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. In za a yi lissafi, a raba kuɗin jirgi da shekarun da zai yi yana aiki, a nan za a ga wanda ya fi tsada. A bar farin katako ga benci da abin da ke can sama da ruwa.

Don haƙarƙari da kusurwoyi ba sai mun je kudu ba. Bagaruwa ba ta ba da dogon falanki, amma karkatattun rassanta su ne abin nema. Reshen da ya tsiro a lanƙwashe, jijiyarsa ta bi lanƙwasar, ya fi ƙarfin wanda aka yanko a lanƙwashe daga miƙaƙƙen katako nesa ba kusa ba. Sai dai sinadarin nan da majema ke nema a bagaruwa yana cin baƙin ƙarfe in akwai danshi, ƙusa ta sirance, katakon da ke kewaye da ita ya yi baƙi ya lalace. A nemi ƙusa mai rufin tutiya, ko ta jan ƙarfe, ko noti na ƙarfen da ba ya tsatsa. Kirya, wadda ake turmi da ita, ta dace da ƙashin gindin jirgi inda yake gogar ƙasa, amma sai an huda kafin a buga ƙusa. Bedi, wato dogon yaro, ɗan'uwan madaci ne a dangin itatuwa, ƙwari ba su cika damun jan cikinsa ba, kuma muna da shi da yawa. A kwarin Majiya tun 1975 ake dasa shi layi-layi don tare iska. Ya isa haƙarƙari da benci, in an busar da shi sannu a inuwa. Turare na ba da miƙaƙƙiyar sanda, amma bakinsa na tsagewa, don haka a shafe bakin da fenti ko kwalta ranar da aka sare shi.

Akwai waɗanda za a ƙyale. Kuka soso ce. Giginya, wadda aka san ƙasar Gaya da ita, gara ba ta cin ta, amma tsagewa take bin zarenta, aikinta azara. Gawo na da laushi, ƙwari na cin sa, kuma a tsaye cikin gona ya fi amfani sau ninkin ba ninkin, domin manomi ya san hatsin gindin gawo.

In kun shiga kasuwar katako, abu huɗu za ku duba. Na farko, jan ciki kuke so. Farin gefen nan da ke kusa da ɓawo, ko na loko ne, ruɓewa yake. Na biyu, jijiya ta miƙe daga baki zuwa baki, babu manyan idanu. Na uku, babu ƙananan huda masu zubar da gari. Na huɗu, ku ƙwanƙwasa: lafiyayyen busasshen katako amo yake yi, ruɓaɓɓe ko ɗanye ba ya amsawa. In kun kai gida, ku jera shi a inuwa, da 'yan sanduna a tsakanin falanki don iska ta ratsa. Ba a fafe gora ranar tafiya: katakon jirgin damina tun kaka ake sayensa. Ga kuma wani abin lura. Mai haɗi da ƙusa da tsumma kada ya matse falankin da ya sha hunturu tam da juna, ya bar ɗan tsakani, in ba haka ba ranar da suka kumbura za su ture juna su ɓalle. Mai haɗi da gam kuwa busasshen yake so, wanda danshinsa bai wuce kashi 12 cikin 100 ba.

Hanya ta biyu: filawud

Filawud siraran fallayen itace ne da aka manne, kowane falle jijiyarsa ta gitta ta na ƙarƙashinsa, adadinsu kuma mara ne: 3, 5 ko 7. Tunda itace ba ya motsi ta tsawo, kowane falle na riƙe maƙwabcinsa, sai allon ya kusan daina kumbura da tsukewa. Wannan shi ya buɗe wa mutanen da ba kafintoci ba ƙofar haɗa jirgi a gida. A 1947 Clark Mills ya zana ɗan jirgin yara mai suna Optimist a Filorida ta Amurka, tsawonsa mita 2.3, don iyaye su haɗa shi da filawud. Har yau da shi yara ke koyon tuƙi da iska a ƙasashe da dama. A Ingila, a farkon shekarun 1960, Jack Holt da Barry Bucknell suka fito da jirgin Mirror, wanda aka haɗa fiye da 70,000 irinsa. Yadda ake haɗa shi: a yanka allunan, a huda gefensu, a ɗinke da wayar jan ƙarfe, sannan a bi ɗinkin da gam da ƙyallen zaren gilas. Ɗinkin da Caillié ya gani a kogin Isa ne ya dawo, gam ya maye gurbin laka.

Amma filawud suna ya tara. Wanda ake silin da bayan kabad da shi, gam ɗin cikinsa na sakewa in ya jiƙe, kuma cikinsa cike yake da ramuka. Na jirgi daban ne. Akasari da itacen okume na Gabon ake yin sa, da baƙin gam mai jure tafasa, fallayensa kauri ɗaya, babu rami. Ma'aunin Ingila da aka fi sani a kansa shi ne BS 1088. Sai dai hatimi ba ya wuyar bugawa, don haka ku gwada da kanku. Ku yanko guntu kamar tafin hannu, ku tafasa shi awa ɗaya, ku shanya a rana ya bushe ƙarau, ku maimaita sau uku. In fallayen sun fara rabuwa, ku bar shi ga masu kabad. Allo guda faɗinsa santimita 122, tsawonsa 244. Mai kaurin milimita 6 ya isa gefen ƙaramin jirgi, mai 9 ya yi gindi, musamman a tafkunanmu da kututturan bagaruwa ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Okume shi kansa ba ya jure ruɓa, kuma bakin filawud na zuƙar ruwa fiye da fuskarsa. Ƙarkonsa duka ya dogara ga rufe shi da aka yi, ciki da waje da baki.

Gam

Bari mu fara kawar da waɗanda ba su shiga wannan aiki. Ƙaro ruwa ke narkar da shi. Farin gam na kafintoci yana da kyau a kujera da gado, amma in ya daɗe a jiƙe laushi yake yi. Gam ɗin masu takalma roba ne, yana miƙewa, ba ya ɗaukar nauyi. Na 'yar kwalba mai kamawa nan take ƙarau yake, ba ya cike gurbi. Foliyuretan, mai kumfa in ya ji danshi, yana jure ruwa in haɗin ya zauna daram, amma kumfar da ke cike gurbi ba ta da ƙarfi, ido kawai take ruɗa.

Biyu ne suka amsa sunan gam ɗin jirgi. Na farko risosinol, mai launin ja mai duhu, wanda ya fito a lokacin yaƙin duniya na biyu. Ba ya tsoron ruwa ko zafi, wannan kuwa babban abu ne a gare mu. Amma yana son haɗin da ko gashi ba zai shiga ba, da matsi mai ƙarfi. Aikin gwani ne. Na biyu efoksi. Pierre Castan na ƙasar Suwizalan na cikin waɗanda suka gano shi a ƙarshen shekarun 1930, kamfanin Ciba ya fito da shi kasuwa da sunan Araldite a 1946. 'Yan'uwan Gougeon na Mishigan, daga 1969, su suka nuna yadda za a manne katakon jirgi da shi a kuma rufe shi ruf. Efoksi ya fi sauƙi ga mai koyo, domin yana cike gurbi, ba ya son matsi mai yawa, kuma shi ne gam, shi ne abin rufewa. Ku lura, 'yan tagwayen bututun da ke daskarewa cikin minti biyar ba su ake nufi ba. Na gwangwani ake nema, mai jinkirin kamawa.

Ka'idojinsa kaɗan ne, amma ba ya yafiya. Ruwa biyu ne ake haɗawa bisa awon da mai shi ya rubuta, ko 2 da 1, ko 5 da 1. Ƙara na biyun ba ya sa shi saurin kamawa, lalata shi yake yi. A goge katako da sanfefa, a kakkaɓe ƙura. In loko ne, mai maiƙo a jiki, a share da asiton. A fara shafa tsurar efoksi katako ya sha, sannan a kwaɓa sauran da lallausan garin katako ya yi kauri, a cike haɗin. A sa safar hannu, domin yawan taɓa shi na jawo ƙaiƙayi da ƙuraje da ba sa barin mutum.

Sauran ka'idojin na ƙasarmu ne. Duk ƙarin digiri 10 na zafi na rage lokacin aikinsa da kusan rabi. Kwaɓin da zai ba ka minti 20 a digiri 25, minti 5 zai ba ka a digiri 45. In ka bar shi a kofi mai zurfi zafin kansa yake ɗauka har ya yi hayaƙi. Saboda haka a kwaɓa kaɗan-kaɗan, a zuba a faffaɗan faranti, a yi manni da sassafe. Shafen rufewa kuwa da yamma ya fi, lokacin da katako ke hucewa, don kada iskar cikinsa ta fito ta yi kumfa. Watannin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, su ne lokacin aikin, muddin an tare ƙura. Bayan ya kama ma bai tsira daga rana ba. Haskenta na cinye shi, kuma yana fara laushi in zafi ya kai digiri 50 zuwa 60, abin da baƙin fenti ke wucewa da tsakar rana a Mayu. Jirgin efoksi a Adar farin fenti yake so, da rumfa.

Kowane gam kuka saya, ku jarraba shi kafin ya taɓa jirgi. Ku manne guntu biyu, ku bar su mako guda, ku jiƙa su kwana uku, ku sa guduma. In katakon ne ya yage ya bar namansa a jikin gam, gam ya yi. In sun rabu fes a kan layi, ko dai gam ɗin ne, ko shirin da aka yi wa katakon.

Kada a gauraya hanyoyin biyu

Da yawa daga cikin jiragen da ke mutuwa da wuri, gauraye ne ya kashe su. Wani zai ɗauki falanki masu kauri ya manne su gefe da gefe da gam mai tauri, yana ganin ya huta da toshiya. Damina ɗaya, katakon ya yi motsin da ya saba, ko gam ya tsage ko falanki ya tsage. Wani zai lulluɓe tsohon kwale-kwale da zaren gilas da gam ɗin foliyesta ta waje kawai. Foliyesta ba ta riƙe katako sosai, ruwa ya shiga ta ciki ya rasa mafita, ruɓa ta yi ta ci a ɓoye. Wani kuma zai buga filawud da ƙusa ya shafe da kwalta, ya bar bakinsa a buɗe. Sannan duk katakon da ya taɓa shan kwalta, man kaɗe ko baƙin man inji, efoksi ba zai kama shi ba har abada. Baƙin man ma guba ne ga kifin da ake nema. Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, a yanke shawara: falanki da ƙusa da tsumma ga wanda jirginsa zai kwana a ruwa, filawud da efoksi ga wanda zai riƙa fito da shi. Inda tafki ke ƙafewa wata da watanni, na biyun ya fi dacewa, ga shi marar nauyi, mutum biyu sa ɗora shi a amalanke.

Zane na ƙara wa jirgi nauyin da gwangwala ba ta ɗora masa. A tafkin Debo na Mali masunta na ɗinka buhuna su yi zane, ba sai an nemi wani ƙyalle mai tsada ba. Wurare uku ne ke shan wahala: gindin sandar zane da bencin da ta ratsa, allon da ake zurawa a ruwa don hana iska tura jirgi gefe, da allon juyi na baya. A nan a sa itace mai tauri, a haɗa gam da noti, kada a dogara ga ɗaya. Kuma kowa ya san guguwar da ke gabatar ruwa daga gabas. Da an hango hadari a sauke zane a nemi gaɓa.

Maganar ba ta dukiya kaɗai ba ce. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ya rabe a tsakiyar kogi kusa da Warra a jihar Kebbi, mutane fiye da 100 suka rasu ko suka ɓace, hukumomi suka ce tsohon jirgi ne da aka yi wa lodi fiye da kima. Allah ya jiƙansu. Jarka mai lita 25, babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, tana ɗaga kusan kilo 25 a ruwa. A ɗaure huɗu a ƙarƙashin benci, jirgi ko ya cika da ruwa ba zai nutse ba, mutane su samu abin kamawa.

Kammalawa

Roƙona uku ne. Ga kafintoci da ƙungiyoyin masunta: efoksi da filawud na jirgi ba su da araha, kuma sai an yi odarsu daga nesa. In kun haɗa kuɗi kun saya a tare, farashi zai sauko, ku kuma iya gwada kayan kafin ku biya. Ga shugabannin cibiyoyin koyon sana'a: ku sa yara su haɗa jirgi guda biyu, ɗaya ta kowace hanya, a ajiye su a tafki ɗaya, a riƙa rubuta halin da suke ciki kowace kaka da kowace bazara. Abin da za a koya daga nan ya fi laccar kowa, har da tawa. Ga iyayenmu sarakuna da hukumar gari: a ware fili a bakin tafkuna da fadamu a dasa madaci da bagaruwa da bedi da sunan wannan sana'a, a sa mai kula, domin madaci na ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya ba da falanki, kuma masu sayar mana da katako daga kudu su ma dajinsu raguwa yake.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare masu shiga ruwa, ya sa wa sana'o'inmu albarka. Yanzu fili na masu tambaya ne, kuma ina roƙon a fara ba masunta da kafintoci dama.